Lasifikar Neman Inna

Wata Juma'a ce a tsakiyar bazara, tun yaƙi bai watsa mu daga Umbadda, unguwarmu a birnin Omdurman, ba. Ƙanwata ta kai wa Inna shayin safe, ta tarar babu kowa a kan gadonta na igiya. Ƙofar gida a buɗe take. Tob ɗin da take lulluɓa da shi ba ya kan ƙusa, amma takalmanta suna nan a bakin ɗaki, ɗaya a kife.

Inna mahaifiyarmu ce, kuma a lokacin hankalinta ya jima da fara barinta. Abin da ya fara tafiya shi ne Larabci. Matar da ta ƙare ƙarfinta tana sayar da gyaɗa a bakin kasuwa, tana ciniki da Larabcin da ya fi nawa kaifi, sai ga shi maƙwabciya ta gaishe ta ta tsaya tana kallon bakinta. Hausa kaɗai ta rage mata, Hausar ma irin ta gonakin auduga na Jazira inda ta yi ƙuruciya. Ga ciwon sukari, ga shi ba ta sa komai a ciki ba. Wanda ya san ranar Omdurman a wannan wata ya san abin da take yi wa saurayi mai takalmi, balle tsohuwa da tafin ƙafa a ƙasa. Abin da muke gudu ke nan, kuma babu wanda ya iya furta shi.

Muka bazu. Na bi layinmu da na bayansa da ƙafa, na leƙa wurin mai burodi, na leƙa kwarin da ruwan damina ke bi. Mijin ƙanwata ya hau raksha, babur mai ƙafa uku, ya tafi zagayen asibitoci. Ladanin masallacinmu, Allah ya saka masa, ya yi shela har ya gaji. Kawu, ƙanen Inna, ya iso daga unguwar Alsawra da hularsa a karkace, ya tsaya a tsakar gida yana tambayar wa ya bar ƙofa a buɗe, kamar amsar za ta dawo da ita.

Ƙanwata ce ta ce, “Kawu, shelar nan da Larabci ake yin ta. Ko a gindin lasifikar ta zauna ba za ta san da ita ake ba. Kuma masallacin iya unguwarmu yake kaiwa. Sai an bi layi layi ana kiranta da Hausa.”

Nan na tuna kwalin da ke ƙarƙashin gadona.

Ni direban boksi ne, motar da 'yan'uwanmu na yamma ke ce wa a-kori-kura, ina ɗaukar wa 'yan kasuwa albasa da gawayi. A shekarar da ta gabata na shiga kasuwar Suk al-Arabi na sayo musajjil, wato rediyon mota mai karɓar sauti daga talafon, da amfilifaya mai ƙara wa sautin ƙarfi, da wani ƙaton akwatin lasifika. Sha'awa ce kawai, ina so in riƙa jin kiɗa yana dukan bayana a hanya. Mai gyaran wutar mota na layinmu ya ce in kawo ya haɗa min, na ce masa wayoyi nawa ne da sai na nemi gwani, ni zan haɗa abina. Kwalin ya shekara yana shan ƙura. Yanzu na aika a kira mai gyaran, aka ce ya tafi ƙauyensu tun jiya, sauran shagunan kuma Juma'a ta rufe su. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, kuma da wani ya faɗa min haka a wannan safiyar da na mare shi.

Na ja motar jikin katanga inda sauran inuwa take, na zazzage kwalin a ƙasa. Na sa sukudireba na ɓamɓaro tsohon rediyon da ya mutu tun kafin in sayi motar. Na leƙa ramin da ya bari. Wayoyin musajjil ɗin sabo kowace da launinta, rawaya, ja, baƙa, shuɗiya. Na motar kuwa duk wanda ya taɓa riƙe ta sai da ya yanka ya ɗaura, har suka koma curi guda naɗe da baƙin salatif da zafi ya narkar. Ba ka gane mai wuta, ba ka gane marar wuta. Takardar da ke cikin kwalin rubutunta ƙanana ne, da wani harshe da ban sani ba, zanen ma sai ka kanne ido.

Na ciro ƙwan fitilar baya, na ɗaura masa guntayen waya biyu, ina taɓa ɗaya a ƙarfen mota ɗaya a kan wayoyin, wadda ta kunna ƙwan ita ce mai wuta. Ban cire kan batir ba saboda sauri, wata waya ta goga ƙarfe, na ji tas, wuta ta yi tartsatsi, warin roba ya tashi. Fiyus ya ƙone. Ba ni da wani, sai na zare na ham ɗin mota na sa a gurbinsa, na ce yau ba ham nake bukata ba. Da ƙyar na gano wadda ke da wuta kullum da wadda sai an murɗa makulli, na haɗa rawaya da ja, na ɗaure baƙar a jikin ƙarfe. Fuskar musajjil ta kawo haske. Na ɗaga kai in yi murna, sai na ga inuwar katangar ta janye har ta bar rabin motar a rana.

Abin da ya fi cin raina shi ne ban san ko daidai nake yi ba. Kowace ƙusa na tsaya murɗawa, Inna tana can tana ƙara nisa, ko ta faɗi a inda ba mai gani. Zuciyata ta ce in watsar da tarkacen nan in bi gari da ƙafa kamar kowane ɗan kirki. Wata zuciyar ta ce Umbadda ba ƙauye ba ce, ƙafa ɗaya me za ta taka a cikinta. Sau da yawa na miƙe na yi taku kaɗan, in dawo in durƙusa. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushin kaina da na motar da na wanda ya ƙera wayoyin.

Amfilifaya ita ba ta shan wuta daga rediyo, sai an jawo mata wata jar waya mai kauri tun daga batir. Na buɗe murfin inji, ƙarfen ya ƙona min gwiwar hannu. Dole wayar ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ƙafar direba, ta wani ɗan rami mai toshin roba da ba a ganinsa sai an kwanta. Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, gumi yana shiga min ido. Na tura, ta lanƙwashe. Na sake turawa, ta lanƙwashe. Sai da na warware ƙarfen ratayar riga na ɗaure ta a bakinsa, sannan ta leƙo. A wajen jawo ta wani kaifin ƙarfe ya tsaga min bayan hannu, ban ma kula ba sai da na ga jini a kan kujera.

Maƙwabta sun taru a kaina, kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce ja a kan baƙa ake sawa. Wancan ya ce a motar ƙaninsa ba haka aka yi ba. Wani dattijo da ko keke bai taɓa mallaka ba ya ce batir ɗin ne ya yi sanyi. Na ce, “Jama'a, don girman Allah, wanda ke da ƙafa ya je ya duba bayan makaranta, ku bar ni da wayoyina.” Suka ɗan ja baya, ba wanda ya tafi. Kawu kuwa sai kai da kawowa yake da carbi, in ya zo daidai kaina ya ce, “Ɗana, har yanzu?” In ce, “Saura kaɗan, Kawu.” Ni da shi mun san ƙarya nake.

Na tura amfilifayar ƙarƙashin kujera, na sa mata jar wayar, na ɗaure baƙar a wani noti, na soka igiyoyin sauti masu kai ja da fari. Na murɗa makulli. Musajjil ya kama, amfilifaya ko ƙyaftawa. Na cire na mayar. Na duba fiyus ɗin da ke kusa da batir, lafiyarsa ƙalau. Na zauna a ƙasa na dafe kai, na rasa tudun dafawa, har na ji ƙanwata daga cikin gida tana ce wa wata mata, “Ko ruwa ba ta sha ba.” Ina zaune idona ya faɗa kan wata siririyar shuɗiyar waya da na naɗe na cusa a lungu tun farko, don na ɗauka ba ta da aiki. A jikin amfilifayar kuma ga wani ɗan rami da babu komai a cikinsa. Na ƙara mata tsawo na soka. Koriyar fitila ta kama. Ashe ita ce ke gaya wa amfilifayar ta farka.

Akwatin lasifikar na ɗora shi a bayan boksi, fuskarsa waje, na ɗaure da igiyar buhunan albasa, na zuro wayarsa ta tagar baya. Da na tayar da inji sai wani kuka ya taso daga lasifikar, siriri mai huda kunne, ina taka mai yana ƙaruwa. Na gane notin da na ɗaure baƙar waya a kai fenti ne a jikinsa, wutar ba ta samun ƙarfe. Na aika aka ɗauko wuƙar yanka albasa, na kankare fentin har ƙarfe ya yi fari, na sake ɗaurewa. Kukan ya ragu, bai tafi duka ba, na ce ya isa.

Saura muryar da za a sa. Ƙanwata ta fito ta ce, “Yaya, kawo talafon in yi maganar, ni ce ke tare da ita kullum.”

Kawu ya ce, “Muryar matar aure a lasifika, ana yawo da ita kwararo kwararo ranar Juma'a? Ga babban ɗanta a tsaye. Shi zai kira ta.”

Mazan da ke wurin suka gyaɗa kai, ni ma na ga hakan ne daidai. Ƙanwata ta dubi Kawu, ta koma ciki. Aka ce ta zauna a gida ko Inna za ta dawo da kanta. Na shiga mota na rufe gilashi na ɗauki muryata a talafon. Sai da na maimaita don ta farko kuka ya shaƙe ta. Na ce, “Inna, ni ne. Inna, ki fito bakin hanya, mun zo mu kai ki gida.”

Ina gamawa aka fara huɗuba, masallatai suka ɗauka ta kowane gefe. Ba yadda za a yi ka bi layi da ƙara ana huɗuba. Bayan duk wannan fama dole na kashe mota na bi sahu. Na yi sallar, amma Allah ya sani ban san surar da liman ya karanta ba.

Ana sallamewa muka hau hanya, ni da Kawu. Jin muryarka tana fitowa daga bayan mota tana dukan katangun mutane abu ne mai nauyi. Mata suka riƙa leƙowa, wasu da kwano a hannu, sun ɗauka mai kankana ne ko mai gishiri. Waɗanda ba su jin Hausa su kalle mu su koma. A wani layi wata tsohuwa Bahausa ta fito da sanda tana cewa ga ta nan, wa ke nemanta. Na taka birki kafin in ga ba ita ba ce. Ai kowace tsohuwa Inna ce a gidansu. Ta yi mana addu'a, ta ce mai nema yana tare da samu, muka wuce.

Ba mu yi nisa ba sautin ya ɗauke ɗif. Na leƙa ƙarƙashin kujera, koriyar fitilar ta koma ja, jikin amfilifayar ba ya taɓuwa. Na cusa ta inda iska ba ta shiga, ga zafin inji daga ƙasa, ga na murɗe ƙarfinta har ƙarshe. Na jawo ta waje tsakanin ƙafafun Kawu, na sayi ƙanƙara a leda na ɗora mata. In ta huce ta yi magana na ɗan lokaci, ta sake ɗaukewa. Duk sanda ta ɗauke sai in zuro kai ta taga in ci gaba da bakina. Haka muka yi ta yi, ita ta kira, ni in kira, har muka kai ƙarshen gari ta yamma inda gidaje ke zama kangaye da rumfunan buhu. Muka zaga wurin muka dawo, muka sake komawa. Maƙogwarona ya fara zafi, daga baya in na ce Inna sai rabin kalmar ta fito.

Bayan la'asar muka koma gida ko an ji wani labari. Babu. Mijin ƙanwata ya bugo ya ce ba a kai ta ko asibiti ɗaya ba. Kawu ya sauko da ƙyar, gwiwoyinsa sun ƙi, aka shimfiɗa masa tabarma ya kwanta ya rufe fuska da hula. Ina tsaye jikin mota ban san ta inda zan sake farawa ba, sai ƙanwata ta fito da tob ɗinta da robar ruwa, ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna. Ba ta nemi izinin kowa ba.

Ta ce, “Yaya, talafon.”

Na miƙa mata. Ba ta yi wani lallashi ba, da muryar da take yi wa Inna faɗa kowace safiya ta yi magana. “Inna, ina kika shiga ne? Taso mana, ga shayinki nan yana hucewa.”

Rana ta yi sanyi kaɗan, amfilifayar ta daina ɗaukewa. Na ce mu gwada arewa, ta ce a'a, mu koma yamma, duk sanda Inna ta yi zancen tafiya gona can take nunawa. Na ce mun tattake wurin nan ni da Kawu. Ta ce mu koma dai. Ba ni da muryar gardama, na juya kan mota.

A bayan wani kango da ba a yi wa rufi ba akwai rumfar buhu, na wuce ta gabanta a ranar ba sau ɗaya ba. Muryar ƙanwata ta fita daga lasifika, ta sake fita. Sai na ga tob mai ruwan ƙasa ya motsa a cikin rumfar. Wata tsohuwa ta dafa ginshiƙi tana ƙoƙarin miƙewa, tana cewa, “Ga ni nan, ke kuma wannan kira haka sai ka ce na bar garin.”

Ban san yadda na tsayar da motar ba. Ƙanwata ta riga ni isa. Inna tana zaune a kan buhu, ƙafafunta a cikin wani kwano mai ruwa, tafin duk ya yi ƙuna ya saɓule. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Mai rumfar wata mata ce daga cikin waɗanda suka baro ƙauyukansu suka zo birni, da 'ya'yanta ƙanana. Da Larabci ta gaya mana cewa tun kafin azahar ta tsince ta a zube jikin kangon, ta jawo ta inuwa, ta ba ta ruwa da dabino. Ta tambaye ta gidansu, ba su fahimci juna ba. Ba ta da talafon, mijinta kuma ya fita aikin gini, shi take jira ya dawo.

Na ce mata da ragowar muryata, “Ba ki ji motar nan tana wucewa ba?”

Ta ce, “Na ji, ɗan'uwana, amma ban san me take faɗa ba. Kuma duk sanda muryar namijin nan ta taso, sai hajiya ta ja tob ta rufe fuska ta juya wa hanya baya. Na ɗauka tsoronsa take ji. Shi ya sa na ƙara sakin buhun ƙofa don kada ya gan ta.”

Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma a gaban mutane ba ta amsa min magana, sai dai ta gaya wa wani ya gaya min. Kakata ce ta goye ni. Da girma ya zo ta ɗan sassauta, takan amsa gaisuwata tana kallon gefe, har mu duka muka manta da abin. Ciwon da ya ɗauke mata Larabci da hanyar gida ya mayar da ita yarinya mai jego a gonar auduga, kunyar kuma ta dawo sabuwa. Ta san muryata sarai. Ga baƙuwa zaune a gefenta, ina za ta amsa wa ɗan fari a gaban baƙuwa. Na yini ina fasa hannu da wayoyi don muryata ta kai gare ta, ta kuwa kai.

Na sunkuya zan ɗauke ta, ta janye jikinta, sai ƙanwata da matar suka tallafe ta zuwa mota. Ta ƙi zama kusa da ni. Ƙanwata ta shiga tsakiya, Inna ta zauna jikin ƙofa, ƙafafunta naɗe da tsumma a kan amfilifayar da ta riga ta huce. Na yi wa matar godiya da hannu don bakina ya ƙi. Muka kama hanyar asibiti a hankali, ina kauce wa ramuka.

Na so in ce mata sannu. Na buɗe baki, iska kawai ta fito da wani ɗan kakari. Inna ba ta juyo ba, tagar take kallo. Can ta taɓa gwiwar ƙanwata ta ce, “Ki ce wa yaron nan ya sha ruwa. Tun azahar yake ihu a cikin rana.”

Ƙanwata ta miƙo min robar. Na gangara gefen titi na tsaya, don na daina ganin hanya.